Gwajin ruwan bohol: 'yar mitar aljihu ko injinan lab?

Alh. Mai Bohol, Agege:
Salamu alaikum jama'ar gida, ya Legas ya goslo. Tambaya gare ni musamman ga yaranmu masu aikin lab. Wasu samari ne suka zo wurina da riguna iri ɗaya wai daga kamfanin injin tace ruwa suke, suka ɗebi ruwan bohol ɗina a kofi suka tsoma wata 'yar aba kamar biro ta nuna 180, suka tsoma a nasu da suka zo da shi ta nuna 12, daga nan suka fito da wani abu mai sandunan ƙarfe suka jona a wuta, wallahi kafin ka ce kwabo ruwana ya koma ja ja baƙi baƙi har da wani datti yana yawo a sama, nasu kuwa fes. Kuma a gaban 'yan garuwa aka yi wannan abin, yanzu wasu har sun fara tura kurarsu layin baya. Wai in sayi injin nasu, ita 'yar mitar kyauta za su ba ni in riƙa gwadawa da kaina. Me kuka gani?

Shehu Mile 12:
Alhaji 419 ne kawai, ka kore su. Kakanninmu ruwan rijiya suka sha da na kududdufi kuma sun fi mu ƙarfi

Auwal Lab:
Wa alaikumus salam Baba Alhaji, barka da yamma. Kada ku ba su ko sisi tukuna. Wannan mai sandunan tsohon wasa ne, sandunan na ƙarfe ne da alminiyon, idan aka jona wuta a cikin ruwan da ke da ɗan gishiri gishiri na ƙasa, wanda duk ruwan bohol yana da shi, wutar za ta bi ta cikin ruwan sai shi ƙarfen ya fara cinyewa yana zubo tsatsa, wato jan da kuka gani daga jikin sandarsu ya fito ba daga bohol ɗinku ba. Nasu ruwan an tace shi har babu abin da zai ɗauki wuta shi ya sa ya tsaya fes. In sun dawo ku ce su bari ku barbaɗa ɗan gishirin miya a nasu kofin su sake jonawa a gaban 'yan garuwan, za ku ga yadda nasu zai fi naku muni.

Alh. Mai Bohol, Agege:
Ikon Allah. To ita 180 ɗin fa ɗana?

Auwal Lab:
Ita mitar gaskiya take faɗa Baba, sai dai abin da take faɗa kaɗan ne. TDS ake ce mata, tana auna yadda ruwa ke ɗaukar wuta ne sai ta ƙiyasta yawan abubuwan da suka narke a ciki. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, ta yarda har 500, kun ga 180 ba laifi ba ne ko kaɗan. Amma kamar sikeli ce, za ta gaya maka nauyin buhu ba za ta gaya maka shinkafa ce a ciki ko yashi ba. Ruwa zai iya nuna 12 yana cike da ƙwayar kwalara, zai iya nuna 300 kuma lafiya lau yake.

Ummi Akoka:
Yaya Auwal ka ƙara musu da lissafin dalma don su gani ƙarara. Hukumar lafiya ta duniya iyakar dalma da ta yarda a ruwan sha 0.01 ne na miligiram a lita ɗaya, ita kuma mitar daga 1 take fara ƙirga, to ko dalmar ta ninka ƙa'ida sau 50 ai 0.5 kenan, mitar ko motsi ba za ta yi ba. Shi ya sa nake ta cewa a gidan nan muna buƙatar manyan injina na zamani a Legas ba waɗannan 'yan tarkacen ba. Na je wani baje kolin kayan lab a Victoria Island kwanaki, wlh abin da na gani ya sa na ji kamar a baya muke da shekara 20, akwai injin auna ƙarafa da ake kira ICP-MS, ƙarami da zai zauna a kan tebur, sampul ɗaya cikin 'yan mintuna ya ba ka dalma da asenik da kadmiyom da kuromiyom da ƙarfe duk a tare, ga kuma robot mai ɗiban ruwa da kansa yana zubawa a faranti mai rami 96 ba hannun mutum

Injiniya Garba:
Hhhh Ummi ƙanwata an je baje koli an sha AC an karɓo biro da jaka. Ba na raina ki wallahi amma ni ne ake kira idan waɗannan injinan suka mutu. Kin tambaye su abin da ICP ɗin yake ci? Iskar agon yake sha wajen lita 15 zuwa sama a kowane minti ɗaya muddin wutarsa na kunne, kuma ba kowace agon ba, ba irin ta masu walda a Owode Onirin ba, mai tsafta sosai, babban silinda in ana aiki sosai ba ya kwana biyu. Ga cila mai sanyaya shi, ga fanfon da ke zuƙe iska wanda ba a son a kashe shi, ga AC dare da rana, ga UPS babba don in Nepa ta ɗauke yana tsakiyar aiki an shiga uku. Kuɗinsa kaɗai ya haura dala dubu 100 kafin ka je Apapa ka yi fama da fito da shi. Akwai wani wuri da ba zan kama suna ba, injin yana nan lulluɓe da leda tun da aka kawo, an yi bikin buɗewa an yanka ribon, ba a taɓa sa masa kuɗin gas a kasafi ba.

Ummi Akoka:
To Yaya Injiniya sai mu zauna kenan? Saboda ba mu da wuta kada mu sayi komai? Ai da haka ne da waya ma ba mu riƙe ba

Injiniya Garba:
Ban ce kada a saya ba, cewa na yi a sayi abin da za a iya ciyarwa. Misali akwai wanda Agilent suka fito da shi, MP-AES, shi ba ruwansa da agon mai yawa ko asitilin, naitirojin yake amfani da shi kuma akwai ɗan injin da ke tatso naitirojin ɗin daga iskar da muke shaƙa, to irin wannan sabon abu ne da aka yi kamar da mu aka yi shi. Amma su diloli ba shi suke fara nuna maka ba.

Auwal Lab:
Gaskiya ne Injiniya amma a faɗi ɗaya gefen, shi MP-AES ba ya sauka ƙasa can kamar ICP-MS, in taki ne ko ƙasa ko abincin kaji ko ruwan masana'anta ya wadatar, amma dalma a ruwan sha da ake neman 0.01 yana bakin iyakarsa ne, ni dai ba zan sa hannu a takarda da shi kaɗai ba. Mu a wurinmu wani inji AAS muke da shi tsoho, mai harshen wuta, kowane ƙarfe da fitilarsa, in za ka auna dalma ka sa fitilar dalma ka jira ta yi zafi, in ka gama ka cire ka sa ta kadmiyom, haka za ka wuni. Kuma shi ma mai harshen wutar bai isa dalmar ruwan sha ba sai an haɗa da ɗan bututun girafait da ake ƙona ɗigon ruwan a ciki. Shi ya sa in na ga takardar wani lab an rubuta ba a samu dalma ba, abin da nake fara tambaya shine da wane inji, kuma daga nawa injin yake fara gani. Don ba a samu ba daban, babu daban.

Maman Hanifa, Idi Araba:
Ku dai kun tafi can sama kun bar Alhaji a ƙasa. Ni a asibiti nake aiki kuma abin da ke kwantar da yaranmu a unguwannin nan ba kadmiyom ba ne, kashi ne a cikin ruwa, a gafarce ni. Kun manta watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke, Lagos Island ta fi ko'ina, mutane na zuwa idanu sun faɗa ciki ana neman jijiya a sa ruwa ba a samu. Alhaji tambayata ɗaya ce, tsakanin bohol ɗinku da sokawe taku nawa ne? Don gidajen Agege na san su, fili ɗaya an yi ɗaki 20 da bayi da sokawe da bohol duk a manne

Alh. Mai Bohol, Agege:
Hajiya nawa sokawen yana can baya da ɗan nisa, amma na maƙwabcina ne ban sani ba don katanga ce kawai tsakaninmu kuma bara ya haƙa sabo

Maman Hanifa, Idi Araba:
To kun ji. Mita 30 ake so a bari aƙalla, wa ke da mita 30 a Agege

Shehu Mile 12:
Ni fa har yanzu ban ga abin tashin hankali ba, ruwan da ka kalla garau yake ba wari ba ɗanɗano me kuma za a gwada. Duk neman kuɗi ne na 'yan boko

Ɗan Gusau, Alaba Rago:
Malam Shehu don Allah ka janye wannan maganar. Ni ɗan Zamfara ne, 2010 ina gida lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Yargalma, Abare, daga baya Bagega, yaro na wasa sai ya fara suma yana sanƙarewa, mutane suna cewa iska ce wasu suna cewa zazzaɓi ne ana ta ba da maganin maleriya, sama da yara 400 suka tafi. Ƙasar tsakar gida ce fa, wadda in ka kalla ba ka ganin komai, dutsen zinare ake daka shi a gida ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar cike da dalma yara na rarrafe a kai suna sa hannu a baki. Ba wanda ya gane sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ɗebi jini aka kai waje aka auna. Daga baya na ga turawan da suka zo share ƙasar da wata na'ura kamar bindigar wasan yara, su ɗora ta a ƙasa su danna kafin minti ɗaya lamba ta fito, da ita suka riƙa sanin inda za a kankare a kwashe a zubo sabuwar ƙasa. Kuma abin ya sake faruwa a Shikira ta jihar Neja a 2015. To wanda ya ga wannan ba zai ce awo neman kuɗi ba ne.

Shehu Mile 12:
Allah ya jiƙansu, ban yi da wata manufa ba Malam

Admin:
Amin. A ci gaba amma a riƙa tausasa harshe jama'a

Ummi Akoka:
Allah ya gafarta musu. Wannan bindigar da Kawu ya gani XRF ce ta hannu, tana harba hasken eksire a jikin abu sai kowane ƙarfe ya mayar da nasa hasken daban, da haka take gane wanene a ciki kuma nawa ne. Har masu sayen gwangwan da masu zinare suna amfani da ita yanzu. Kuma na'urar auna dalma a jini da aka yi aiki da ita a can, LeadCare, iyakarta 65 ne, yara da yawa nasu ya wuce abin da za ta iya karantawa sai dai ta nuna ya yi sama kawai. Ga irin abin da nake nufi Yaya Injiniya, ƙaramin inji mai batir ya ceci rayuka, sabon abu ba lallai sai mai cin agon ba

Alh. Mai Bohol, Agege:
To ita bindigar ba za a ɗora ta a kan ruwana a huta ba?

Auwal Lab:
Ina ma Baba. Ita a ƙasa da fenti da ƙarfe take da ƙarfi inda dalmar ke da yawa, abin da ake nema a ruwan sha ya yi mata ƙanƙanta nesa ba kusa ba, za ta ce muku babu alhali akwai. Kowane inji da inda idonsa ya tsaya. Kuma kada mu ɗauka dalma sai Zamfara, nan kusa da mu bayan Ikorodu akwai Ogijo inda ake fasa tsofaffin batiran mota ana narkawa, ga bolar Olusosun a Ojota da ruwanta ke tsiyaya ƙasa, ga mutanen Baruwa a Ipaja da suka yi shekaru rijiyoyinsu na warin fetur. Sannan wani abu da mutane ba su lura da shi ba, ruwan ƙasa a wurare da yawa a Legas yana da tsami, ina yawan ganin pH 5 da wani abu alhali ƙa'ida 6.5 zuwa 8.5 ce, shi kansa tsamin ba zai kwantar da kai ba amma yana cin ƙarfe, kan famfo na tagulla mai arha da tsohon bututu yana iya sakin dalma a cikin ruwan da ya kwana a ciki. Shi ya sa ruwan farko na asuba daban yake da na rana.

Injiniya Garba:
Wannan gaskiya ne, duk mai gyaran sumo, injin jawo ruwan bohol, a garin nan ya san yadda ruwan ke cinye ƙarfe. Su kuma na Lekki da Ajah nasu kukan daban ne, gishirin teku da tsatsar ƙarfe, ka wanke farar shadda ta koma kalar shayi

Maman Hanifa, Idi Araba:
Auwal ka yi wa Alhaji bayanin gwajin ƙwayoyin cutar mana, shi ne na gaggawa

Auwal Lab:
To Anti. Shi wannan ba a ganin sa nan take duk wanda ya ce muku ya tsoma abu ya ga ƙwayar cuta a minti ɗaya ƙarya yake. E. coli ake nema don ita ce shaidar cewa bayan gida ya taɓa ruwan, kuma ƙa'ida ko ɗaya kada a samu a cikin mililita 100. Tsohuwar hanya a tace mililita 100 ɗin ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi sai a ɗora ta a kan abincin ƙwayoyin a sa a inkubeta a kwana, washegari ka ƙirga ɗigo ɗigon da suka tsiro. Sabuwar da na fi so ita ce Colilert, garin magani ne a ɗan ƙunshi ka zuba a kwalbar ka girgiza ka ajiye a zafin 35 na awa 24, in ya koma ruwan ɗorawa akwai ƙwayoyi, in ka haska fitilar UV ya yi shuɗin haske to E. coli ce. Sauƙi kamar me, matsalar kawai da dala ake sayo shi kuma yana da ranar lalacewa, sannan inkubeta na son wuta awa 24 ba yankewa, in Nepa ta ɗauke ƙarfe 2 na dare mai gadi bai tada janareta ba aikin ya tashi a banza, shi ya sa masu batir ko sola ɗin nan da ke zuwa a akwati ɗaya da komai a ciki sun fi mana amfani.

Ummi Akoka:
Kun ga kun dawo kan maganata, sabo ya fi

Injiniya Garba:
Sabon da ya san halin Nepa ya fi

Ummi Akoka:
Hhh na yarda da rabi. Amma robot ɗin fa? Yaya Auwal kai da kake wuni da fifet, ɗan abin ɗibar ruwa daidai awo, a hannu har babban yatsanka na ciwo kada ka ce min ba ka so. Lokacin korona a 2020 ai an gani, sampul ɗari ɗari na shigowa Yaba mutane na ɗiba da hannu ɗaya bayan ɗaya cikin rigar leda, mutum in ya gaji dole ya tsallake rami ko ya zuba sau biyu, inji ba ya gajiya ba ya amsa waya

Auwal Lab:
Ina so mana, wa zai ƙi. Amma bari in gaya miki abin da ke faruwa a ƙasa. Robot ɗin da yawansu ba sa karɓar kowane tip, wato ɗan bakin roba da ake sa wa fifet, sai na kamfaninsu, ranar da kwalin ya ƙare kuma kaya na kan ruwa ko sun maƙale a tashar jirgi sai ki koma hannu. Kuma wurin da ke yin sampul 15 a rana me zai yi da robot, kafin ki gama saita shi na gama da hannu. Ni abin da ya canza min aiki ba robot ba ne, fifet mai batir ne da mai baki 8, ka ɗiba sau ɗaya ya riƙa sauke maka daidai daidai rami bayan rami, da kuma abin da ake ɗaurawa a bakin kwalbar asid ka danna ya ba ka mililita 5 cif ba ka kusanci tururin ba. Akwai wuraren da har yau ɗalibai ke zuƙar fifet ɗin gilashi da baki, wannan ya kamata a fara kashewa kafin a yi maganar robot.

Abin da ya fi damuna ma shine ba wanda ke duba fifet ɗin. Ki sayi ICP-MS na dala dubu ɗari da wani abu, amma ruwan ma'aunin da za ki koya wa injin da shi, wato wanda aka san adadin dalmar da ke ciki, da fifet za ki haɗa shi, in fifet ɗin na ɗibar 950 a maimakon 1000 to duk lambar da injin zai ba ki a ranar karkatacciya ce kuma zai buga miki ita da kyau a takarda har da lamba uku bayan ɗigo. Alhali duba shi ba wuya, ruwa mililita 1 nauyinsa kusan giram 1 ne, ki ɗiba ki sauke a kan sikelin lab sau 10 ki ga ko suna haɗuwa, minti 15 ya isa. Na taɓa karɓar wani a wani wuri da aka ce sabo ne dal, robar cikinsa ta bushe yana ɗiga tun kafin ka kai kwalba.

Injiniya Garba:
Allah ya biya ka. Ga ruwan wanke kwalabe ma, a auna abin da bai kai ƙwayar gero a tanki ba da kwalbar da aka ɗauraye da ruwan famfo

Ɗan Gusau, Alaba Rago:
To mu da ba mu san komai ba ta yaya za mu gane lab na gaskiya? Don ni na san akwai inda za ka kai ruwa su ce ka dawo da yamma, takarda na jiranka da hatimi

Auwal Lab:
Kawu wannan ita ce alama ta farko, duk wanda ya ba ka sakamakon ƙwayoyin cuta a ranar da ka kai bai yi ba, don ƙwayar sai ta kwana take girma. Na biyu ka tambaya ko suna da shaidar ingancin lab ta ISO 17025, a nan gida hukumar NiNAS ke bayarwa, kuma ka duba ko gwajin ruwa na cikin abin da aka amince musu don wani an ba shi a kan abu ɗaya ne yana ta nunawa a kan komai. Na uku wanda ya sa hannu ya kasance mai rajista da IPAN, cibiyar ƙwararrun masu awon lab, su ne dai NAFDAC ke neman takardarsu wurin masu fiya wata. Na huɗu lab na ƙwarai shi zai ba ka kwalba, ba zai ce ka zuba a robar lemo ka kawo ba.

Baba Sarkin Garuwa:
Assalamu alaikum yarona ne ke rubuta min. Na ji duk bayanin ku Allah ya yi albarka. Ni shekaruna da yawa ina tura ruwa a garin nan tun ana samun na gwamnati a famfo, yanzu ba bohol ba ruwa. Abin da nake so in ce kada a ɗora wa masu bohol kaɗai, jarkokinmu ma wasu na manja ne wasu ba mu san me aka zubo a ciki ba muka saya, cikin su ya yi kore, yaro zai cika ya toshe da leda. In za a gwada a gwada har da namu

Maman Hanifa, Idi Araba:
Baba Allah ya ƙara girma, wallahi kun faɗi abin da nake ta so a faɗa. Ruwa na fitowa da tsafta daga ƙasa ya lalace a tanki ko a jarka ko a randar gida da kofin da kowa ke tsomawa. Shi ya sa ni kulorin na fi yarda da shi a kan injin tacewa, don injin ya tace a wurin Alhaji ya gama aikinsa, shi kuwa kulorin yana bin ruwan har cikin jarka. Kuma gwajinsa ko ni ina yi, 'yar ƙwaya ce DPD ka jefa a ruwan in ya yi ruwan hoda akwai kulorin, ka haɗa da katin kala ka gani, ana son 0.2 zuwa 0.5 ya rage bayan minti 30 da zubawa. Wannan in Alhaji zai sayi abin aljihu shi ya kamata ya saya ba biron can ba

Shehu Mile 12:
Ni dai ba na son warin sa, shayi ma ba ya daɗi. Tafasawa ba ta isa ba?

Ummi Akoka:
Ta isa ga ƙwayoyin cuta Kawu Shehu, amma dalma ko sinadarin naitiret ba sa tafiya da tafasa, ruwan ne ke raguwa su suna nan. Kuma naitiret ɗin daga sokawe yake zuwa shi ma, in ya wuce miligiram 50 a lita yana da haɗari ga jarirai da ake dama wa madara. Sannan da kuɗin gas na yanzu wa zai tafasa ruwan gida mai mutum 12 kullum

Injiniya Garba:
Abin haushin ma garin da aka buɗe gidan ruwa na Iju tun 1915, ga Adiyan, ga ruwa ta ko'ina har yana shiga ɗaki da damina, amma abin da gwamnati ke iya bayarwa bai kai rabin buƙata ba, kowa ya zama hukumar ruwan kansa. Ni da za a ji tawa, maimakon kowace jami'a da kowace ma'aikata ta sayi nata ICP ta lulluɓe, a yi guda biyu ko uku masu rai da gas da injiniya a Oshodi ko Ikeja kowa ya riƙa kaiwa, sauran kuɗin a sayi ƙananan akwatunan gwaji a raba wa ƙananan hukumomi

Ummi Akoka:
Sai layi ya yi wata 3 kuma ranar da ɗayan ya lalace duk Legas ta tsaya. Ni ban yarda ba, ɗalibi kuma a ina zai koya in bai taɓa injin ba, mu fa a hoto muke ganin wasu har mu gama

Injiniya Garba:
Wanda ke lulluɓe da leda ma a hoto kike ganin sa ai

Alh. Mai Bohol, Agege:
Ku biyun nan sai Admin ya raba ku. Auwal ɗana ni dai gaya min abin da zan yi gobe in Allah ya kai mu

Auwal Lab:
Gobe ba zai yiwu ba Baba sai na kawo muku kwalabe, iri biyu ne. Ta ƙwayoyin cuta an dafa ta an rufe, ba a buɗewa sai lokacin ɗiba, ba a ɗaurayewa, kada yatsa ya taɓa bakin ko cikin murfin, a cire tiyo a goge kan famfon a bar ruwan ya zuba minti 2 ko 3 sannan a tara, kada a cika fal, a sa a kula da ƙanƙara ta iso lab cikin awa 6. Ta ƙarafa kuma roba ce da za a ɗiga mata asid don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalbar, wannan ni zan yi da kaina kada kowa ya taɓa. Za mu ɗiba wuri uku, bakin bohol kafin tanki, famfon da 'yan garuwa ke tara, da jarka ɗaya daga cikin na Baba Sarki wadda shi zai zaɓa, kada a wanke ta don za a gwada, yadda take kullum haka muke so. Kuma a sake wani in ruwan sama ya sauka sosai don sakamakon rani ba ya tsaya wa damina.

Baba Sarkin Garuwa:
Za a kawo wadda ta fi kore

Auwal Lab:
Ba wadda ta fi kore ba Baba, ta tsakiya. Asabar bayan asuba zan shigo in sha Allah kafin hanyar Ikeja ta cushe, Alhaji a sa yaro ya nemo ƙanƙara tun daren Juma'a.

Maman Hanifa, Idi Araba:
In akwai ragowar kwalba ɗaya a ajiye min, ta makarantar Islamiyyar layinmu nake so a duba